Shafi na Tara

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli na 1987, Benedict ya tsallaka kwatar da ta raba gidansa da na Malam Maitama, da littattafai biyu a hammata, ya tsaya a bakin zaure ya ce idonsa ya gaza.

"Wanne daga ciki?" in ji Malam Maitama. Bai ɗago daga jaridarsa ba, ko da yake ta makon jiya ce.

"Duka biyun, Malam. Na hagun ya fi lalacewa."

"To ni likita ne?"

"Kai hedimasta ne. Murya na zo aro."

Shekara goma sha shida ke nan suna kallon ƙofar juna a wannan layi na bayan tashar mota a Funtua, tun da Benedict ya dawo Arewa bayan yaƙi, shi da matarsa Ifeyinwa da akwatin tafireta. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, sai naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, su ma mata ke aikawa. Malam Maitama ya koyar da Turanci shekara talatin, a Ƙarfi da Malumfashi da nan Funtua, sannan ya yi ritaya. Da matarsa Sakinatu ta rasu, shekara biyu da suka wuce, sai ya shiga sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ya korar kowa. Gyara wa baƙo magana yake yi har baƙon ya tuna yana da wani uzuri. Yanzu daga shi sai littattafai har rufi, waɗanda a faɗarsa gara ce kaɗai a garin nan ta damu da abin da ke cikinsu.

Labarin littattafan da ke hammatar Benedict kuwa, duk layin an san shi. Shi ne mai buga tafireta a babban ofishin aikin gona da ke bakin gari. Ofishin na da kwamfuta guda ɗaya, a ɗaki mai sanyi da ba a shiga da takalmi. Baturen da ya kawo ta ya rubuta littafi a kan tsarin da ake rubutu da gyaran rubutu a cikinta: wane umarni za ka ba ta ta ɗauke layi, wanne za ka ba ta ta nemo suna ɗaya a cikin dubu, yadda za ka jera umarni goma ta bi su da kanta kai kana shan shayi. Da Baturen zai tafi, aka ba Benedict kwana tara ya buga shafi ɗari uku da sha biyu, don a raba wa akawuna. Ya buga. Da damina ta zagayo, wani akawu ya bi abin da ke cikin littafin daidai yadda aka buga shi, injin ya share sunayen manoman ƙauyen Mahuta da za a ba taki, kaf. Harafi ɗaya ne yatsan Benedict ya tsallake. Taki ya isa Mahuta bayan masara ta yi goyo. Tun daga ranar, har masinja a ofis Baba Mahuta yake ce masa.

Ciwon sukari ya sa an sallame shi daga aiki a farkon shekara. Amma kafin ya fita, ogansa ya yi masa alkawari: in ya gyara littafin duka, za a kai Zariya a buga shi bugun gaske, a shafin farko kuma a rubuta cewa Benedict ne ya gyara.

"Don a rubuta sunanka za ka ƙarasa makancewa?" in ji Malam Maitama.

"Shekara goma sha shida ina buga sunan wasu, Malam. Nawa guda ɗaya da ya fito, na ƙauye ne."

Malam Maitama ya ninke jaridar. Ya gaya wa kansa zai je sau ɗaya, don ya ga iyakar wautar.

Washegari bayan la'asar ya tarar an fito da tebur barandar Benedict. Littafin Bature a gaban mai gida, da rula, da gilashin ƙara girman rubutu. Wanda aka buga a tafireta a ɗaya gefen, da jan biro a kai. Benedict ya buɗe shafin ƙarshe.

"Daga nan za mu fara. Layin ƙasa tukuna, mu hau sama. Harafi-harafi za ka faɗa, har waƙafi da ɗigo. In na ƙwanƙwasa tebur, ka tsaya ka zagaye da ja."

"Wane irin mahaukaci ne ke karanta littafi daga ƙarshe?"

"Wanda littafi ya taɓa yaudara. In ka biyo daga farko, magana ce ke jan idonka, sai ka ga abin da kake tsammani. In ka biyo ta baya, ba magana, sai haruffa tsirara." Ya ɗaga fensir. "Doka ɗaya ce. Ba a magana a tsakiyar shafi. Ko gidanka ke cin wuta, sai mun kai layin sama."

"Mutum in ya ga kuskure ai yakan gane abin da ake nufi."

"Mutum ke nan. Inji ba shi da kara, Malam. Abin da ka ce masa shi zai yi maka, a gaban kowa."

Haka suka fara. Muryar da ta yi shekara talatin tana sa yara rawar jiki ta koma faɗin, "Buɗe baka. Es. Waƙafi. Biyar. Rufe baka." Benedict ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashi, yana jan rula sama layi-layi. Can sai ka ji ƙwas, ƙwas, gindin fensir a kan katako. A shafin farko da suka yi, sau huɗu aka ƙwanƙwasa.

"Kwana tara," in ji Benedict da suka kai sama, kamar mai ba alƙali haƙuri.

"Ko kwana casa'in aka ba ka. Yatsunka kamar na mai kirɓa sakwara."

Benedict ya yi dariya har da tari. Malam Maitama ya manta rabon da wani ya yi dariya don ya zage shi.

Shafi uku suke yi a rana, ban da Juma'a da Lahadi. Tsakanin shafi da shafi akwai minti biyar na magana, a nan suke yin duk faɗan da suka tara. Malam Maitama ya gano cewa Baturen kansa Turancinsa na ɗingishi, ya so ya gyara masa, Benedict ya dafe littafin ya ce nasu kuskuren suka zo nema, na Bature ya bi shi ƙasarsu. Ifeyinwa, wadda duk layin ke kira Maman Chinwe, takan dawo daga rumfarta ta atamfa ta ajiye musu gasasshiyar masara, daga baya dafaffiyar gyaɗa, da shayi kofi biyu, ɗaya ba sukari. Ranar farko Malam Maitama ya ce ya ƙoshi. Rana ta huɗu shi ya tambaya ko gishiri ya ƙare a kasuwa.

A waɗannan mintoci biyar ɗin ne ya ji labarin gidan. Benedict ya gina ɗaki uku a ƙauyensu, kusa da Anacha, bulo-bulo, shekara bakwai ana yi. An rufa kwano bara. Bai taɓa kwana a ciki ba.

"Hoto kawai na gani. Chinwe ta aiko. Ta ce an shafa wa ƙofa shuɗin fenti." Chinwe 'yarsu ce, tana aikin jinya a can. "Bana da Kirsimeti za mu tafi gaba ɗaya. In miƙa littafi, in hau mota."

"Ka je ka ishe su da surutu, mu huta."

A watan Satumba aka ba Katsina jiharta. Gari ya ɗauki kiɗa da ihun babura. Su biyun suna shafi na ɗari da sittin da ɗaya, ba wanda ya ɗago sai da suka kai layin sama.

Wata Juma'a a tsakiyar Nuwamba, Malam Maitama na fitowa daga masallaci, wani mutum mai babbar riga ya durƙusa ya gaishe shi. Sanda ne, tsohon ɗalibinsa, yanzu babba ne a ofishin su Benedict.

"Na ji an ce kuna ta fama da littafin Baba Mahuta, Malam."

"Sunansa Benedict. Saura shafi arba'in da takwas. Ku shirya kai wa Zariya."

Sanda ya sosa ƙeya. "Ai Malam, injin ya tafi."

"Ya tafi ina? Ƙafa gare shi?"

"Rabon kaya aka yi tsakanin jihohin nan biyu, ya faɗa kason Kaduna. Tun makon jiya aka ɗora shi a mota. Can ma na ji a sito aka ajiye shi, wai ya tsufa. Mu sababbi za a kawo mana, tsarinsu daban, da nasu littafin suke zuwa."

"Ogan da ya yi alkawari fa?"

"Shi ma ya faɗa kason Kaduna."

"Kuma ba wanda ya je ya gaya wa mutumin?"

"Wa zai iya haɗa ido da shi, Malam? Kai ne maƙwabcinsa. A bakinka zai fi sauƙi."

Malam Maitama ya kwana da maganar a shirye. Gajeriya ce, ya ma jera ta yadda ba za ta yi kaushi ba. Ranar Asabar ya tsallaka kwata, ya tarar an goge kujerarsa, an sa masa matashi saboda ya taɓa cewa bayansa na ciwo.

"Ka makara da minti goma, Malam," in ji Benedict, rula na kan layin ƙasa. "Arba'in da takwas."

Ya zauna. Ya ce a ransa, bayan wannan shafin. Da suka kai sama, Maman Chinwe ta kawo shayi, Benedict ya ɗauko labarin wani fadan coci da ya taɓa yi wa mutane wa'azi da takardar cefanen matar kuku, minti biyar suka cika. Shafi na gaba ma haka.

Daga baya, duk sanda ya so ya lallaɓa kansa, yakan ce tausayi ne ya hana shi. Amma ya yi shekara talatin yana kama yara da ƙarya, ya san kamanninta ko daga nesa. Abin da ke bayan shafi na ɗaya ya hango: motar Anacha, kwaɗo a ƙofar da ke kallon tasa, zaurensa, da jaridar makon jiya. In da a shiru ya tsaya ma, da da sauƙi. Shafi arba'in da takwas, uku a rana, kwana goma sha shida ne, za su gama tun kafin motocin Kirsimeti su fara lodi. Wannan lissafin ma ya yi shi. Sai ya shiga cewa wai maƙogwaronsa ya fara kamawa. Sai wai tabaransa ya fara yi masa hazo. Sai ya ce bai yarda da shafin jiya ba, a sake shi. Uku suka koma biyu, biyu suka koma ɗaya.

"Ka gaji da ni, Malam," in ji Benedict wata rana.

"Tun ranar farko. Gaggawa ce ta kai ka Mahuta, ko ka manta?"

Benedict ya gyara zaman rula. Bai sake cewa a yi sauri ba.

Ana saura kwana goma Kirsimeti, Maman Chinwe ta yi sallama a zauren Malam Maitama da hantsi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta zauna ba.

"Malam, saura nawa?"

"Ashirin da shida."

"Ka ga ƙafarsa kuwa? Gyambon nan ya ƙi rufewa. Chinwe ta rubuto sau biyu, ta ce a kawo shi asibitinsu, ita za ta riƙa dubawa. Na ce ya bar takardar nan mu tafi, ya ce sai dai in tafi ni kaɗai." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ni ba ya jin tawa. Kai yake ji. Ka ce masa littafi ba zai gudu ba."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Malam Maitama ya dubi littattafansa, ya dubi ƙasa.

"Aikin ba ya son gaggawa, Maman Chinwe. Amma zan yi masa magana."

"Allah ya saka, Malam."

Motocin suka yi lodi suka tafi, da buhunan wake da albasa a sama. Rabin layin ya zama kwaɗo. Shinkafar Kirsimeti ta zo gidan Malam Maitama a kwanon da aka saba, ya ci loma biyu ya rufe.

A watan Janairu tebur ya koma cikin falo, kusa da gadon da aka fito wa Benedict da shi. Ɗakin na warin magani da wani warin a ƙarƙashinsa wanda ba wanda ya ambata. Gilashin ya daina amfani. Yanzu Malam Maitama ke riƙe da littattafan biyu, yana duba wannan yana duba wancan, yana faɗin haruffa da ƙarfi, Benedict na kwance ido a rufe da fensir a hannu. Abin haushi, bai bar ƙwanƙwasawa ba. Sau da yawa kafin Malam Maitama ya ga kuskuren sai ya ji ƙwas a jikin ƙarfen gado. Mutumin ya haddace littafin injin da ke sito a Kaduna, ƙila ɓeraye sun riga sun yi gida a ciki. A kan titi manyan motocin auduga na wucewa zuwa injin gurza, tagogi na karkarwa. Wata rana rabin shafi suke yi, wata rana ko layi ba sa yi. Yanzu kam Malam Maitama na son sauri, sai dai ba da wanda zai yi saurin.

Alhamis ta farko a watan Fabrairu ya yi la'asar, ya zauna a kan buzu ya daɗe. Ya tashi ya tsallaka kwata ba tare da ya ɗauki tabarau ba. Maman Chinwe na tsakar gida tana wanke tsummokaran ɗaurin ƙafa. Benedict ya rame har zoben aurensa ya koma babban yatsa.

"Akawu," in ji Malam Maitama, haka yake kiransa in ba zagi zai yi ba. "Akwai maganar da zan gaya maka. Tun Nuwamba ya kamata..."

"Shafi nawa muke?" Muryar kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Tara. Ka saurare ni tukuna."

"Jiya mun kai sama?"

"A'a. Mun tsaya a tsakiya."

"To kai ma ka san doka."

"Benedict."

"Bayan shafi, Malam." Ya laluba ya kamo fensir. "Layi goma sha ɗaya ne. Gidanka ba ya cin wuta."

Malam Maitama ya koma gida ya ɗauko tabarau. Ya dawo ya buɗe littattafan a cinyarsa, ya sa rula. Ya karanta da sauri yadda bai taɓa yi ba, haruffa na tuntuɓe da juna. A layi na uku aka ƙwanƙwasa, a hankali. Ya duba, gaskiya ne, an tsallake waƙafi. Ya zagaye da ja. Ya ci gaba. A layi na takwas ya ga wani kuskuren da idonsa, ƙato, harafi biyu sun yi musanyen wuri. Ya dakata yana jira. Ba a ƙwanƙwasa ba. Bai ɗago ba. Ya zagaye shi, ya karanta layi na tara, da na goma, da na sama, har lambar shafi, don doka ce. Sannan ya ɗago.

Fensirin na kan bargo. Bakin a ɗan buɗe, kamar zai ce a juya.

"Maman Chinwe," ya kira. Muryar hedimasta ba ta fito ba, sai da ya sake.

Ƙungiyar mutanen garin su Benedict ta yi komai cikin kwana biyu. Suka samo akori-kura, suka ɗaure akwatin gawar da igiya, suka jera kujeru da katifa da tafireta a gefensa. Daga ofis an aiko Sanda da wasiƙar ta'aziyya, wadda aka buga da sabuwar kwamfuta. Sanda ya hangi Malam Maitama ya sunkuyar da kai, Malam Maitama ma ya sunkuyar.

Kafin ta hau gaban mota, Maman Chinwe ta tsallako da littattafan biyu, da rula, da jan biro, a cikin leda.

"Ya ce in wani abu ya faru, kai za ka ƙarasa ka kai musu. Takwas suka rage, ko?"

"Takwas."

"A bayan sabon gidan za mu binne shi, ta wajen taga." Ta share ido da bakin gyale. "Kullum in ka tafi sai ya ce mini, mutumin nan bakinsa kamar barkono, amma bai taɓa yi mini ƙarya a kan ko ɗigo ɗaya ba. Na gode, Malam. Ka riƙe shi har ƙarshe."

"Allah ya kai ku lafiya," in ji Malam Maitama.

Motar ta fita daga layin a hankali saboda ramuka, akwatin na ɗan motsi a cikin igiya, ta karya kwana wajen tasha.

Da aka yi la'asar ya fito da kujera bakin zaure, ya ɗora littattafan a cinya, ya buɗe shafi na takwas, ya sa rula a layin ƙasa. Wata akuya ta hau barandar da ke tsallaken kwata ta kwanta daidai inda ƙafafun tebur suka bar shaida a siminti. Kwaɗon ƙofar sabo ne, rana na dukansa. Malam Maitama ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ba a fara shafin ba tukuna, magana ta halatta.

"An kwashe injin, Akawu," ya ce. "Ba za a buga ba. Ka tafi gida."